Feather, down, plume, quill: duk gashi ne a wajenmu, to wanne za ka ɗauka?

Wani ƙanena ne ya jawo wannan maganar. Ya samu gurbin karatu a Ingila yana ta haɗa kayan sanyi, sai ya turo min hoton jaket guda biyu da ya gani a intanet, ɗaya an rubuta mata 90% down 10% feather, ɗayar kuma rabi da rabi, kuma kuɗin ta farkon ya yi wa na biyun nisa sosai, ya ce "Yaya wai ba duk gashin tsuntsu ba ne, meye na tsadar kuma?" Dariya na yi, don ta wani ɓangaren gaskiyarsa ne. Mu a Hausa gashi gashi ne. Na kanka gashi, na akuya gashi, na kaza gashi, na jimina ma gashi, iyaka ka liƙa sunan mai shi a baya shikenan. Shi kuwa Bature raba abin ya yi gida-gida, na mutum hair, na kyanwa da zomo fur, na tunkiyar Turai wool, da ya zo kan tsuntsu kuma bai tsaya a kalma ɗaya ba sai da ya jera kusan goma. Shi ya sa za ka ji ɗalibi ya rubuta chicken hair a jarrabawa malam ya ja masa jan biro, alhali yaron da Hausa ya yi tunanin kuma a Hausa daidai ya faɗa.

Mu fara da feather tunda ita ce uwa. Duk wani gashi da ya tsiro a jikin tsuntsu, babba ne ko ƙarami, na fiffike ne ko na wutsiya ko na ƙirji, in ka kira shi feather ba ka yi kuskure ba. Ana ƙirga ta, a feather, two feathers. Tsohuwar kalmar Turanci ce tun asali, ba aro ba, Jamusawa ma Feder suke cewa. Abin lura kawai shi ne furuci, wasalin farkon gajere ne kamar na weather, don na sha jin mutane suna ja har ta koma father ko further, a rubuce ma wasu na musanya su. In kana cikin rubutu ka rikice ka rasa wacce za ka sa, sa feather ka wuce abinka, sauran kalmomin duk ƙarin bayani suke yi a kanta, ba wai sun fi ta daraja ba ne.

To yanzu down, inda kuɗi yake. In ka taɓa fige agwagwa ka san bayan ka cire manyan gashin na sama akwai wani laushi-laushi a ƙasa kamar auduga, musamman wajen ƙirji da ciki, mai manne wa hannu yana tashi a iska yana shiga hanci, to shi ne down. Irin wanda ke jikin ɗan tsako ranar da ya fito daga ƙwai shi ma down ne. Bambancinsa da feather na gaske shi ne ba shi da wannan ƙashin tsakiya mai tauri, zare-zare ne kawai suka fito daga ɗigo ɗaya suka baje ta ko'ina, kuma saboda haka yake riƙe iska a tsakaninsa, iskar da ya riƙe ita ce ke hana ɗumin jikinka fita. Shi feather a kwance yake, falle ne, aikinsa a jikin tsuntsu tare ruwa da iska da kuma tashi sama, ba ɗumi ba ne babban aikinsa. Ka ga kenan jaket mai 90 cikin 100 down za ta fi ɗumi kuma ta fi rashin nauyi, za ka iya cusa ta a ƙaramar jaka ta koma kamar ƙunshin goro, ita kuwa rabi da rabi ta fi nauyi ta fi girma a akwati, kuma in ta kwana biyu sai ka fara ganin tsinin gashin yana huda yadin yana leƙowa.

Akwai kuma wata lamba da suke rubutawa, fill power, za ka ga 550 ko 650 ko 800. Ma'anarta in aka ɗauki oza ɗaya na down, wajen giram 28 kenan, aka bar shi ya kumbura, inci nawa murabba'i mai zurfi zai cika. Duk yadda lambar ta yi sama to down ɗin ya fi kyau, kaɗan ɗinsa zai yi aikin mai yawa. Amma fa kada lambar ta ruɗe ka, ingancin gashin take faɗa ba yawan da aka zuba ba, jaket mai 800 da aka yi wa ƙwauron zubi za ta iya kasa mai 600 da aka cika ta dam. Sannan down yana da aibi ɗaya babba, in ya jiƙe sai ya cure ya kwanta ɗumin ya tafi, kuma Ingila ƙasa ce ta yayyafi, ba tsananin ƙanƙara irin na Kanada ba, don haka na ce wa ƙanen nawa ya duba yadin waje tukuna, in ba ya tare ruwa to tsadar ba ta da amfani. Wani tarkon kuma shi ne down alternative, kalmar down na ciki amma ko silin gashin tsuntsu babu, zaren roba ne, foliyesta. Ba laifi ba ne, yana da araha kuma ya fi jure ruwa, kawai dai ka san me ka biya.

A filo kuwa lissafin juyawa yake yi. Filon down laushi gare shi har kanka ya nutse, in kai mai kwanciyar gefe ne mai son abin da zai tallafi wuya to na feather ko gauraye ya fi maka, ya fi tauri ya fi araha, sai dai ka sa masa riga mai kauri saboda sukar nan. Ni dai a zafin Kano ko Sakkwato ban ga abin da zai kai ni sayen ko wannensu ba, filon rimi na kakanninmu bai yi mana komai ba.

Abu biyu kan nahawun down kafin na wuce. Ba a ƙirga ta, babu a down babu downs in gashi ake nufi, kamar yadda ba ka cewa audugogi. Sannan ba ta da alaƙa da down ɗin sit down, kama ce kawai ta haɗa su, wannan ta gashin daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai ta shigo, su Nowe da Aisilan. Can Aisilan ɗin ne ma ake samun mafi tsadarsa, eiderdown, na wata agwagwar teku da ke cisge gashin ƙirjinta da kanta ta shimfiɗa wa ƙwayayenta, manoma su bi sheƙa suna tsinta ba tare da an yanka ta ba.

Sai plume, kuma a nan ne masu son burga suke zamewa. Mutum ya ga plume ta fi feather daɗin baki sai ya rubuta cewa ya share plumes ɗin kaza a tsakar gida bayan an yi fige, abin dariya ne wallahi, kamar ka ce ka sa alkyabba za ka ɗebo ruwa. Plume gashi ne babba, dogo, mai laushi da ɗaukar ido, na ado, ko a jikin tsuntsun lokacin da yake neman mace ko a kan hular mutum. Na jimina shi ne misali na ɗaya. Kuma mu ba baƙonmu ba ne, figinin da ake yi wa sarki fifita da shi da takalmin gashin jimina na Sarkin Kano, tarihin Kano ya jingina farkonsu ga Muhammadu Rumfa wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, to in kana fassara bayanin hawan sallah zuwa Turanci, ostrich plumes ya zauna daram a wajen. Haka hotunan gwamnonin Turawan mulkin mallaka da za ka gani da farar hula da wani tulin farin gashi yana lilo a samanta, plumed hat ake ce mata. Balbela ma da muke gani bayan shanu kullum fara fat, lokacin kiwon ƙwai takan fito da wasu dogayen gashi masu ruwan ƙasa-ƙasa a kai da ƙirji da baya, waɗannan plumes ne, sauran jikin feathers.

Kalmar nan ta taɓa zama babbar harkar kuɗi fa. A ƙarni na 19 gashin jimina na cikin manyan kayan da fatake ke ɗauka daga Kano su ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, daga can ya wuce Turai ya hau hulunan mata. Afirka ta Kudu kuma suka mayar da abin kiwo, garin Oudtshoorn ya yi arziki da shi har attajiran gashi suka gina manyan gidaje, sai a 1914 kasuwar ta faɗi warwas, ga yaƙin duniya ga kuma motoci marasa rufi da suka shigo, mace ba za ta zauna a mota iska na kaɗawa da hula mai faɗin faifai a kai ba. Jimina dai ana iya yanke mata gashi a bar ta da rai, amma su zalɓe da danginsa harbe su ake yi, kuma daidai lokacin da suke da 'ya'ya a sheƙa tunda a lokacin ne gashin adon ke fitowa. Wannan ɓarnar ce ta sa wata Baturiya mai suna Emily Williamson ta kafa ƙungiyar kare tsuntsaye a Didsbury ta Manchesta a 1889, wadda ta zama RSPB ta yau, kuma sai a 1921 majalisar Ingila ta yi dokar hana shigo da irin wannan gashin. To duk inda ka ga plume trade a littafin tarihi wannan cinikin ake nufi.

Amma ga wani abu da zai kwantar maka da hankali. Tambarin Yariman Wales, wato magajin sarautar Ingila, gashin jimina ne fari guda uku, plumes ne na gasken gaske, amma sunan da Turawan kansu ke kiransa da shi Prince of Wales's feathers. Ka ga feather na iya shiga gidan plume ta zauna lafiya, plume ce ba ta iya shiga akurkin kaji.

A jaridu kuwa yau plume ta fi fitowa ba tare da tsuntsu ba kwata-kwata, a plume of smoke, hayaƙin da ya turnuƙe ya miƙe sama dogo yana baje kai, kamar na gobarar kasuwa ko tokar dutse mai aman wuta. Masu fassara labarai ku kula, turnuƙun hayaƙi ne, kar a je ana neman gashi a ciki.

'Yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka fara da Faransanci su tarkonsu daban ne kuma ya fi namu zurfi. A Faransanci plume ita ce kalmar yau da kullum, gashin kaza ma plume ne, to in mutumin Maraɗi ko Damagaram ya koma Turanci sai ya ɗauko ta yadda ya san ta, alhali a Turanci ta ƙuntata ta koma ta ado kawai. Haka duvet, a Faransanci asalinta shi ne wannan laushin da Bature ke kira down, amma a Turancin Ingila duvet bargo ne sukutum, wanda aka cusa wa down ko feather ko ma zaren roba. Kalma ɗaya, can abin zubi nan abin rufa.

Plumage ta yi kama da plume amma aikinta daban, ita gashin tsuntsu ne gaba ɗaya a matsayin sutura, launinsa da zanensa. In kana bayanin yadda zabuwa take da ɗigo-ɗigon fari a kan toka-toka, ko yadda namijin ɗawisu ya fi macen ado, plumage kake magana. Ba za ka tsinci plumage a ƙasa ka sa a aljihu ba, feather za ka tsinta. Kalmar masu nazarin tsuntsaye ce da rubutun makaranta, a hirar baka in ka ce the bird has beautiful feathers ya wadatar, babu mai kallonka. Ƙarshenta kuma mij ake furtawa kamar na village, ba irin jan Faransanci ba.

Quill ita ce ta fi burge ni. Ka ɗauki gashin fiffiken zakara babba ka kalli gindinsa, wajen da ya shiga fata, za ka ga wani bututu mai tauri fari-fari wanda cikinsa rami ne babu gashi a gefensa, to wannan shi ne quill, kuma shi ne mai sukarka a filo. Daga nan sunan ya koma kan babban gashin fiffike gaba ɗayansa, daga nan kuma ya koma kan alƙalamin da ake ferewa da shi. Fiye da shekara dubu Turawa da gashin dinya suke rubutu, a fere gindin a tsaga bakin a tsoma a tawada, har ma an fi son na fiffiken hagu ga mai rubutu da dama saboda lanƙwasarsa ba ta tokare masa fuska, sai daga shekarun 1820 masana'antun Birmingham suka fara buga bakin alƙalami na ƙarfe da yawa da araha quill ya fara ja baya. Kalmar pen ma kanta daga penna ta Latin take, ma'anarta gashin tsuntsu, ita kuma ƙaramar wuƙar aljihu da ake kira penknife sunanta ya samo asali ne daga ferar alƙalamin. Duk wanda ya yi makarantar allo ya taɓa fere alƙalamin gamba ko na kara da reza ya san aikin nan sarai, kayan ne kawai suka bambanta. Kuma ga inda abin ya haɗu, sunan kimiyya na wannan bututun gashin calamus ne, daga kalamos ta Girkanci mai nufin kara ko iwa, ita ce Larabawa suka mayar ƙalam, mu kuma muka karɓa da al ɗinta muka ce alƙalami. Wato alƙalaminmu da gindin gashin dinyar Bature sunansu ɗaya a can tushe.

Sai dai quill ba ta tsuntsu kaɗai ba ce, dogayen ƙayoyin beguwa ma quills ake ce musu. Na bushiya kuwa an fi cewa spines. Don haka in ka ga quill a jimla duba wa ke ɗauke da ita tukuna, marubuci ne ko agwagwa ko beguwa.

Pinion ba za ka buƙace ta sosai ba sai in kana karanta tsofaffin waƙoƙin Turanci, inda take nufin ƙarshen fiffike ko dogayen gashin tashi. Amma masu kiwon agwagi da tattabaru akwai bambancin da ya shafe ku. To clip the wings shi ne a rage dogayen gashin da almakashi, ba jini, kuma in tsuntsun ya zubar da tsohon gashi ya yi sabo, abin da suke kira moult, zai sake tashi. To pinion kuwa yanke gaɓar ƙarshen fiffiken ne da ƙashinta, ya gama tashi har abada. In kana bin bayanin kiwo a intanet kar ka haɗa su. Ana kuma cewa an yi pinioning mutum in an riƙe masa hannuwa ta baya ya kasa motsi. Pinion ɗin da makanikai ke faɗa a sitiyari kuma wata kalma ce daban, ƙaramin giya ne mai haƙora.

Fledge da 'yarta fledgling su kan lokaci suke magana. Ɗan tsuntsun da ya fasa ƙwai yanzu hatchling ne, wanda ke kwance a sheƙa yana buɗe baki nestling, wanda gashin fiffikensa ya fito ya fara gwada tashi yana faɗowa shi ne fledgling. Shi ya sa 'yan jarida ke cewa fledgling democracy ko fledgling company, wato jaririya, mai tatata. In abu ya kai ya kawo kuma fully-fledged a Ingila, full-fledged a Amurka, duka daidai ne ka dai riƙe ɗaya a rubutu guda. Tukkun kan gauraka crest ne, gashin wuyan zakara da yake tayarwa in zai yi faɗa hackles, amma jan naman nan na kansa ba gashi ba ne, comb sunansa. Fige kaza kuma pluck.

A karin magana ba a cika musanya kalmomin nan ba, yadda aka gada haka ake faɗa. Birds of a feather flock together, namu sai hali ya zo ɗaya ake abota, in ka sa plume a wajen ka ɓata ta. Borrowed plumes kuwa an fi faɗinta da plumes, daga tatsuniyar tsuntsun da ya yi ado da gashin wasu aka gane shi aka fige shi, mu muna cewa zanen aro ba ya rufe katara. A feather in your cap yabo ne, wata nasara da za ka yi tinƙaho da ita, amma to feather your nest zargi ne, mutum ya cika aljihunsa da abin da aka ba shi amana, kar ka je taya sabon shugaban ƙaramar hukuma murna ka ɗauko ta biyun. A dambe ma featherweight ake cewa, ajin da bai wuce fam 126 ba, kimanin kilo 57, ajin da Hogan Bassey ɗan Kalaba ya ci kambin duniya a birnin Faris a 1957.

Shi dai ƙanen nawa da na gama zuba masa duk wannan a saƙon murya ya ce "Yaya ni fa jaket kawai na tambaya." Ƙarshe ba ko ɗaya ya saya a cikin biyun ba, ya shiga kasuwar gwanjo ya samo wata mai 80 down 20 feather da yadi mai tare ruwa, ya matsa ta a hannu ya ga ta kumbura ta dawo, ya shinshina bai ji warin agwagwa ba, ya biya. Jiya ya turo hoto daga tashar bas, hular jaket ɗin a kai, wani ɗan farin gashi ya leƙo ta ɗinkin kafaɗa, ya zagaye shi da jan layi ya rubuta "wannan feather ne ko down?" Na zuƙo hoton na ga ɗan tsinin gindinsa. Feather ne.